Ƙafar Da Sallau Bai Ƙarasa Ba

Ku matso, ku rage murya. Wannan Sallau da kansa ya gaya mini, tsohon mai sassaƙa hatimin nan na bakin kasuwar Funtuwa.

Ranar wata Juma'a ce, rana tsaka. Kowa ya tafi masallaci, shi ya tsaya ƙarasa aiki. Sai ga wani dogon mutum, rigarsa na jan ƙasa. Bai yi sallama ba, ya zauna.

Ya kwance wani tsumma, ya ajiye farantin tagulla a kan tebur.

"Daga Italiya," in ji shi. "Shekara ɗari biyar. Da shi ake buga hoto a takarda."

Sallau ya duba. An zana daji, mata na rawa, a tsakiyarsu wani mai ƙaho yana busa sarewa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ƙafafun bunsuru ne.

"Malam, ina ka samo wannan? Ba na taɓa kayan sata."

"Nawa ne. Mutanen Girka sun san mai ƙahon nan a labaransu. Ka kankare ƙafafun, ka yi masa na mutane."

"Don me?"

"Ya gaji da daji."

Hankalin Sallau bai kwanta ba. Amma bai taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba, hannunsa har ƙaiƙayi yake. Ya ɗauki ƙarfensa. Ya kankare kofato ɗaya, ya fitar da diddige da yatsu biyar. Ya shafa tawada, ya danna takarda don ya gani. Ƙafa ta fito sumul.

Baƙon ya yi ajiyar zuciya. Wari ya taso, irin na garken awaki.

Ƙarfen ya suɓuce ya faɗi ƙarƙashin tebur. Sallau ya sunkuya. Rigar baƙon ta ɗan ɗage. Ƙafa ɗaya ta mutum ce, mai laushi kamar ta jariri, yatsun na motsi ɗaya bayan ɗaya. Ɗayar kuwa kofato.

"Saura ɗaya," in ji muryar daga sama.

"Ƙarfen ya dakushe, ranka ya daɗe. Bari in wasa shi."

Ya fita a hankali. Da ya sha kwana, bai tsaya ba sai cikin sahun masallata, ba takalmi.

Da suka dawo da mutane, ba baƙo, ba faranti. Daga ranar Sallau bai ƙara sassaƙa ko harafi ba, yanzu goro yake sayarwa.

Don haka in an tafi Juma'a, kada wanda ya zauna a kasuwa shi kaɗai. In kuma mai ɗingishi ya tambaye ku inda masu sassaƙa suke, ku ce ku baƙi ne.