Gyaran da Jemage Ya Mayar

Matar ta shigo ofishin 'yan sanda da hantsi, ta damƙe hannun 'yarta kamar wani zai fizge ta a bakin kantar ofishin. Mai kemis ce a bakin babban titi. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta miƙa wa Insifekta wayarta.

Hoto ne. Ga ta zaune a bakin gadonta, ba ɗankwali, tana yi wa yarinyar tsifa. A ƙasa an rubuta: "Muna ganinki. Ki je kotu, ki ga abin da zai sami 'yar."

"Wa ya ɗauke ku?" in ji Insifekta.

"Yallaɓai, daga ni sai ita a ɗakin. Ƙofa a kulle, labule a sake."

"Wace kotu ake nufi?"

Ta yi bayani murya na rawa. Kwanakin baya wani matashi ya banke wani tsoho da mota a gaban shagonta ya gudu. Ita kaɗai ta ga fuskarsa. Yana tsare, kuma jibi za ta ba da shaida.

Insifekta ya ɗauki Sajan suka bi ta gida. Ya tsaya daidai inda ya ga an ɗauko hoton, sai ga shi a gaban teburi. A kai akwai kwamfutar tafi-da-gidanka a buɗe, ɗan idon kyamararta yana kallon gado. A bangon bayan gadon yarinyar ta zana wata dabba da shuɗin fensir.

"'Yata, wannan kyanwa ce ko kujera? Na ga ƙafafun sun yi yawa."

Yarinyar ta ɓuya a bayan uwarta. Insifekta ya sa yatsa ɗaya ya rufe kwamfutar.

"Ban da ke, wa ya taɓa ta?"

"Autanmu. Gilashinta ne ya tsage, ya karɓa ya gyara min." Sai ta dafe ƙirji. "Yallaɓai, ni na goye shi fa."

Suka ɗauki kwamfutar suka nufi wajen Auta. Magidanci ne mai gemu, amma ɗakin aikinsa kamar ramin ɓera: wayoyi ko'ina, allunan kwamfuta baƙaƙe, rubutu na gudu a kai. Sajan na leƙawa ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa.

"Yallaɓai, aiki ya ƙare. Ga ɗan kutse har da shago."

"Mene ne aikinka?" in ji Insifekta.

"Kamfanoni ke ɗaukata in gwada fasa musu tsaro, in nuna musu ɓarakar kafin ɓarawo ya gani."

"Kwamfutar yayarka ta bar ɗakin nan lokacin da take hannunka?"

"Ko ƙofa ba ta leƙa ba."

"Me ya sa naka allon bai yi kama da na mutane ba? Me kake ɓoyewa?"

"Nawa ne ma ba ya ɓoye komai, yallaɓai. Tsarin da ke tafiyar da kwamfutar Yaya rufaffe ne, masu shi kaɗai suka san cikinsa. Kamar ka kama haya ne, mai gida ya ce ga ƙofa ɗaya a ɗakinka, kada ka taɓa buɗewa. Kana kwance kana jin motsi a ciki. Namu buɗaɗɗe ne. Kowa na iya karanta yadda aka gina shi, ya cire abin da bai yarda da shi ba, ya gyara abin da ya lalace. Ba wai ɓarawo ba ya shiga ba ne. In ya shiga, ba shi da lungun da aka hana ni haskawa. Na roƙi Yaya in sa mata, ta ce ita ba ta son wahala."

"To haska mana."

Auta ya soka filashi a kwamfutar yayarsa, ya tashe ta da nasa tsarin, yana bin cikinta ɗaki-ɗaki. Can hannunsa ya tsaya.

"Ga shi. Manhaja ce ta kama ɓarayin kwamfuta, buɗaɗɗiya, kyauta. In an sace maka, sai ta ɗauki hoton ɓarawon ta aiko maka. Wani ya juya ta a kan Yaya." Ya matsa kusa da allon. "Amma da mamaki. A irin wannan kwamfutar ba ta aiki, hoton baƙi ƙirin yake fitowa. Kowa ya san matsalar. Wannan an gyara ta."

"In ɗayanku ya yi irin wannan gyara, ya yake yi da shi?"

"Mayarwa yake yi. Al'adarmu ke nan. Ka ɗauka kyauta, in ka gyara ka kai dandalin masu manhajar, kowa ya amfana."

"Buɗe dandalin."

Ga gyaran kuwa, an turo shi kwanan nan. Mutane daga ƙasashe suna ta godiya. Da yake masu dandalin ba sa karɓar gyara sai da hujja, mai gyaran ya haɗa da hotuna na gwaji: ɗaya baƙi, ɗaya tas. Na biyun guntun bango ne kawai, an yanke duk abin da zai nuna mutum.

"Ƙara girmansa," in ji Insifekta.

A gefen hoton, ga jela da ƙafafu na shuɗin fensir.

Sajan ya sauke hannu daga ankwa.

"An sa hannu da Jemage," in ji Insifekta, yana duban Auta. "Wane ne?"

"Ban... ban san shi ba."

Insifekta ya dubi teburin, ya dubi ƙarƙashinsa. "Ka ce a nan ka canza gilashi. Ban ga ko sukudireba a ɗakin nan ba. Da yawu ka liƙa? Saurara. Mutumin nan ya san inda 'yar yayarka take kwana. Ka ci gaba da rufa masa asiri."

Gumi ya keto wa Auta. "Malamina ne. Shi ya koya min komai. Shagonsa na kai, ta kwana a can. Na ji kunyar Yaya ta san ban iya ba."

Shagon yana saman bene a kasuwar kayan lantarki. Malamin dattijo ne siriri, tabarau a kan hanci, yana liƙa wata waya da dalma. Bai tashi ba.

"Ka san mai kemis ta bakin titi?" in ji Insifekta.

"Ban taɓa ganinta ba."

"Jemage fa?"

"Sunaye irin wannan sun cika dandali."

Insifekta bai yi musu ba. Idonsa na kan wani hoto da aka jingina a bayan akwatin kayan aiki: matashi cikin rigar kammala karatu, da tabo a gira. Ya san tabon. Shi da kansa ya rubuta shi a takardar tsare direban da ya banke tsoho.

"Wannan ɗanka ne?"

Dalmar ta ɗiga a kan teburi. Malamin ya ajiye ƙarfen a hankali.

"Wajen uwarsa ya girma, ba kowa ya san nawa ba ne. Ranar da Auta ya kawo kwamfutar ya ce ta yayarsa ce mai kemis, na ce Allah ne ya kawo. Tsoro kawai na so ta ji. Ba zan taɓa yarinyar ba."

"Ita uwar yarinyar ta san haka?"

Malamin ya ƙura wa dalmar da ta ɗiga ido.

"Abu ɗaya ya ɗaure min kai," in ji Insifekta. "Ka ɓoye lambar waya, ka ɓoye inda hotunan ke zuwa. Me ya kai ka tura gyaran?"

Malamin ya ɗago, kuma a karo na farko idonsa ya yi haske.

"Matsalar nan ta daɗe tana ba mutane wahala. Manya sun gwada sun kasa. Ni na warware ta. Sai in zauna a kanta? Tun ina saurayi ban taɓa gyara abu na riƙe ba. Hannuna ya tura kafin kaina ya yi tunani."

Sajan ya sa masa ankwa. A ƙasan bene mai kemis na tsaye da ƙanenta, yarinyar a tsakiyarsu. Malamin ya zo wucewa ya sunkuyar da kai. Auta ya buɗe baki zai ce "Malam", yayarsa ta dube shi, ya haɗiye.

"Jibi ƙarfe nawa ne kotun, yallaɓai?" ta tambayi Insifekta.

Har yanzu muryarta na rawa, kuma ba ta saki hannun 'yar ba har motar 'yan sandan ta sha kwana.