Gwandar Larai

"Wa ya taɓa gwandar nan? Na ce wa ya taɓa ta!"

Inna Hure ce, daga kan tabarmar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Falta, amaryar ɗanta Mati, tana durƙushe da akushi a hannu.

Ita dai baiwar Allah tausayi ne ya ja mata. Bazara ta yi zafi, tsohuwa ta ƙi tuwo, ta ƙi romo, fura ma kau da kai take. Shi ne Falta ta tuna abin da ake yi wa majinyaci a gidansu na Barebari, can wajen Ɗanbatta. Ta surfa alkama, ta dafa ta tsaba-tsaba, ta tsane ta, ta bari ta huce. Ta tsinko nunanniyar gwanda a bayan rumbu ta yayyanka a kai, ta ɓare dabino, ta matsa lemun tsami, ta ɗiga zuma. Kai, ƙamshin kaɗai ya isa ya ta da mai ciwo!

Ba wanda ya gaya mata cewa Larai, autar Inna, ita ta shuka gwandar kafin cutar agana ta ɗauke ta. Tun daga nan ba mai tsinka. 'Ya'yan su nuna, su faɗo, su ruɓe. In an ji tim! da tsakar rana, sai Inna ta ɗago kai ta ce, "Wa'alaikissalam, Larai." Kowa a gidan tsigar jikinsa ta tashi.

Mati na shigowa daga sharar gona, ko fartanya bai ajiye ba, Inna ta tare shi.

"Ka sallame ta yau, ko ka nemi wata uwar!"

"Haba Inna, rashin sani ne..."

"Rufe min baki!"

Mati ya zube ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe. Yana son matarsa kamar ransa, amma wa ya isa ya ja da uwa?

Falta ba ta yi gardama ba. Ta ɗaure 'yan kayanta, ta dawo ta sake durƙusawa.

"Inna, ki yafe ni. Da na sani, wallahi da na nemi izini. Amma babana kan ce duk wanda ya shuka itace, in mutum ya ci ko tsuntsu, ladan na bin sa har kabari. Ki ci ko loma ɗaya, ladan ya isa ga Larai, sai in tafi."

Tim!

Wata gwandar ta faɗo. Gidan ya yi tsit, ana jiran Inna ta amsa sallama. Ba ta amsa ba. Sai ta ce, "Wayyo 'yata! Ashe ba gaishe ni kike ba, ladanki kike kawowa, ni kuma ina barin sa ya ruɓe."

Ta jawo akushin ta ci, tana kuka.

"Kwance kayan nan, 'yar nan, ba inda za ki. Gobe ki dafa da yawa, a raba wa maƙwabta."

Tun daga ranar ba gwandar da ta sake taɓa ƙasa, Inna kuma ko ruwa sai daga hannun Falta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, jama'a. Mamaci kuwa ba kukanmu yake jira ba, sadaka yake jira.