Gaisau a Zaman Makoki

Ɗan hasken da ke ƙarƙashin fatar tafin hannun Nazifi ya yi ƙyaf, alamar saƙo ya wuce. Na gaba ya miƙo nasa hannun.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

"Amin, na gode."

Gaisau ke nan, na'urar da Nazifi ya ƙera, wadda ta game Kano tun daga benaye masu hawa ɗari har jiragen ƙarƙashin ƙasa. Ba ta wuce ƙwayar gero ba, a tafi ake dasa ta. Ka yi musabaha da mutum, fayil ya tsallaka, ba adireshin imel, ba lamba, ba suna. Da wannan ya fi cika baki, wai ko shi da ya ƙera ta ba ya iya bin sawu.

Da mahaifinsa ya rasu, sai gogan ya ga hanyar lada. Ya zuba karatun Alƙur'anin marigayin a tafinsa, ya bar shi a buɗe, duk abin da ke ciki ya bi kowane mai ta'aziyya. Tun safe yake gaisawa har hannu ya yi tsami.

Bayan la'asar Baffa Ila, ƙanen marigayin, ya ja shi bayan rumfa.

"Kai Nazifi, wace irin ƙazanta kake raba wa jama'a?"

"Karatun Baba ne, Baffa."

"Buɗe ka gani."

Ya buɗe. A ƙasan karatun akwai bidiyon da ba shi ya sa ba. Ɗakin wankan gawa ne, ga mahaifinsa kwance, an yaye masa zane, dattijon da ko ƙwaurinsa ba a taɓa gani ba. Wani mara tsoron Allah ne ya ɗauka, ya bi layi, ya yi wa Nazifi "ya haƙuri" da bakinsa mai wari, ya juye masa a hannu. Tir! Nazifi ya ji ƙyamar hannun nasa kamar ya tsoma shi a masai.

"Wa ya ba ka?"

"Ba a iya sani, Baffa."

"To janye shi daga hannun mutane."

"Shi ma ba ya yiwuwa. Haka na tsara ta."

Baffa Ila ya tofar da yawu. Can ya sassauta murya.

"Ka shiga wajen mahaifiyarka yau?"

Ya riga ya shiga tun da azahar, ita ma kuwa da Gaisau a tafinta. Ta kama hannuwansa biyu ta riƙe gam, tana kuka, ta ce idan gida ya yi shiru za ta buɗe ta ji muryar Malam.