Mazuban Baba a Cikin Kwamfuta

Ya shigo ofishin da farin garin filasta har a gira, riƙe da guntun adon bango, yana tambayar wanda ya zana wannan abin. Ta ɗago daga kan kwamfuta ta ce ita ce, lafiya?

Aikinta ke nan a kamfanin zanen gine-gine. Ita ke ɗora ado a manhaja, irin dogon bakin nan da ke zagaye ɗaki a inda bango ya haɗu da silin. Shi kuwa ɗan mai filasta ne, shi da mahaifinsa ke zuba adon da hannu su manna. Ya ce zanen ya yi kyau a allo, amma furannin ba za su haɗu a kusurwa ba. Ta ce manhaja ba ta ƙarya. Ya ce to ta taso ta gaya wa bangon haka.

Ta kuwa taso. Suka je wurin ginin, suka tarar bangon ya karkace da faɗin yatsa biyu. Ta kife bokiti ta zauna, yana gwaji yana faɗa mata, tana rage tazarar furannin har suka haɗu. Haƙuri dai ba ta ba shi ba, amma ta karɓi lambarsa.

Kafin wata uku ta zama Gimbiyar Allo, shi kuma Farin Gira.

"Gimbiya, yau na manna zanenki a falo, na kasa fita daga ɗakin," ya rubuta mata wata rana.

"Ka fita mana, kada a ce na hana ka aiki. Ni ma fure ɗaya nake zanawa tun safe."

Da ya kai maganar aurenta gida, Baba, mahaifinsa, ya ƙi. Ya ce kwamfutar nan ce ta sa masana'antu ke buga adon roba ana barin masu aikin hannu a zaune, ba zai haɗa zuri'a da masu kashe masa sana'a ba.

Ba ta jira gayyata ba. Ran Asabar ta tafi shagon Baba, ta durƙusa ta gaida shi, ta roƙi ya bar ta ta auna mazubansa na katako da ake zuba filasta a ciki, waɗanda ya gada wajen nasa mahaifin, don wasu sun fara tsagewa. Ko kallonta bai yi ba. Ta dawo wata Asabar ɗin, ta sake dawowa. A ta huɗu ya tura mata guda ɗaya da ƙafa.

Ta bi kowace lanƙwasa tana aunawa, ta zana su duka a manhaja. Ranar da ta juya masa furensa a allo, ya gan shi ta kowane ɓangare, sai ya ce kada zanen ya je hannun kowa. Ta yi alkawari.

A ofis akwai wani abokin aikinta da ya taɓa nemanta ta ƙi. Ta tafi salla ta bar kwamfuta a buɗe, ya kwafe zanen, ya sa sunansa, ya shigar da shi a aikin wani babban otel da za a kai wa masana'anta. Farin Gira ne ya fara ganin furen mahaifinsa a takardun aikin.

Ya tura mata saƙo: "Ni na tsaya miki a gaban Baba. Ashe abin da kika zo ɗauka ke nan."

Ta karanta saƙon sau biyu, idonta ya ciko, ta share hawayen. Ta tura masa: "Ba zan rantse maka ba. Ka jira ka gani."

Washegari ta tura ƙofar ɗakin taro ana tsakiyar magana. Ta nuna hotunan mazuban da ranakun da ta yi kowane zane. Ta ce ko dai a sa sunan tsohon a ba shi aikin, ko a cire zanen gaba ɗaya. Manaja ya ce zai cire don gudun rigima, amma ba a gindaya masa sharaɗi a gaban mutane, ta ba shi haƙuri ko ta nemi wani wurin. Ta tsaya har aka goge a kan idonta, ta ajiye katin aikinta a tebur ta fita.

Shagon ta nufa kai tsaye. Ta gaya wa Baba komai, har da sakacin da ta yi.

Ya ce, "Aikin naki fa?"

"Na bari, Baba. Alkawari na yi maka."

Farin Gira yana tsaye da cokalin filasta a hannu, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sati guda yana aiko da ban haƙuri kafin ta amsa da cewa ya ci sa'a tana son sa.

Baba ya sa aka share mata wuri a shagon kusa da taga, nesa da ƙura. Tana zanawa a manhaja, masu gini suna ganin ɗakinsu a allo tun kafin a kwaɓa filasta, Baba da ɗansa kuma suna zubawa. Mahaifiyarta ta yi faɗa kan barin aikin ofis. Ta ce, "Mama, ba sana'ar na bari ba, wurin zama na sauya."

Baba da kansa ya ja ƙannensa suka je neman aurenta. Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun ragu, ya kira su biyun suka durƙusa a gabansa. Ya ce wa ɗansa, idan ya sake zarginta bai tambaye ta ba, da shi zai yi. Sannan ya juyo wajenta.

"'Yata, na ƙi ki ban san ki ba, ki yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."

Suka amsa da amin tare.