Ranar Da Mahauci Ya Shigo Da Kifi

"Mi ag wanga, Lukman?"

Hamdiyya ta wurga masa takardar tsire a ƙirji, nan ƙofar gidansu a unguwar Magaji ta garin Jega. Ƙarƙashin tabarmar mahaifinta, Malam Gado, ta tsinto ta, ta uku ke nan cikin mako guda.

"Hasken raina, tsaya ki ji..."

"Kak ka ƙara ce min hasken rai! Ka taɓa ganin Baba da sahe? Kahwaɗu sun sanƙare, ƙugu ya riƙe, ko riga ba shi iya sawa sai na ɗaga mai hannu!"

Wata huɗu ke nan da likita ya ce ciwon polimayaljiya ne, mai sanƙarar da tsokar jiki. Ya rubuta magani, ya ce a rage jan nama da soye-soye da gishiri, a yawaita kifi da wake da zogale. Tun daga ranar nan Hamdiyya ke shan hayaƙin murhu, tsohon yana ture kwano yana cewa shi ba akuya ba ne. Ashe wanda za ta aura bayan Sallah ne ke bin bayanta yana warware mata aiki!

Lukman ya sunkuyar da kai. Mahauci ne ɗan mahauci, a gidansu nama ne gaisuwar suruki.

"Shi yac ce in kawo mai. Ƙaƙa zan dubi idonai in ce a'a?"

"Amma ka iya duban nawa ka yi min ƙarya! In kunyarka ta hi lahiyar ubana, tahi ka auri kunyar!"

Ta banko ƙofa. Kwana uku yana kira tana kashewa, tana tsinkar zogale tana kuka, don wallahi tana sonsa, kuma son ne ya fi ba ta haushi.

Rana ta huɗu da hantsi ta jiyo faɗan Baba a zaure, ta laɓe. Lukman ne durƙushe, ga ɗanyen kifi a gabansa. Mahauci da kifi! Ta san sai da masunta, abokan wasansu, suka yi masa dariya har suka gaji.

"Ina tsirena?"

"Baba... ba ni sake kawowa."

"Cikin gidana kaka ce min a'a? In nac ce na hwasa ba ka ɗiyata hwa?"

Lukman ya ɗago kai. "Ko kun hwasa, Baba. Gara in rasa ta da in zan sanadin kwanciyarku."

Tsohon ya ja tsaki.

"Ke Hamdiyya, na san kina nan! Zo ɗauke abin ga. Ki dahwa da yawa, shi ma nan za shi ci, tunda kun haɗe min kai."

Ta fito fuska a murtuke, ta duƙa ta ɗauka.

"Kak ki soya shi," in ji Lukman ƙasa-ƙasa.

Ta harare shi, hawaye na zuba. "Ni za ka koya ma?"