Jar Saniyar Da Ta Ƙi Yin Shiru

"Kowa ya kwanta!"

Da rana tsaka 'yan fashi suka far wa motar, inda ta tsaya a gefen titi ana ba dabbobi ruwa. Motar masu ƙaura ce, shanu tara a baya, katifu da tukwane a sama. Oga, shugaban 'yan fashin, ya fizgo direba ya yar. Bahago, sabon shiga a cikinsu, ya tsaya da bindiga a hannu. Tsohon mai shanun ya yunƙura zai tashi – tau! Wallahi Bahago bai ma san ya danna ba. Tsohon ya faɗi matacce.

Matar tsohon ko ihu ba ta yi ba. Tana zaune a ƙasa, rungume da maraƙin da aka sauko da shi. Ta dubi Bahago.

"Ɗana, ku tafi da ɗan. Uwar ba za ta ci ba."

Oga ya ce ba su da lokacin wata tsiya, suka ja mota.

A wani tsohon gidan buga bulo suka ɓoye shanun. Takwas suka kwanta suna tuƙa, amma jar saniya ta ƙi ci, ta ƙi sha. Hantsarta ta kumbura har nono na ɗiga. Kwana biyu tana kuka, fuskarta na kallon ƙofa. Bahago a bayan shanu ya tashi kafin fari ya koro shi birni, don haka ya san kukan. Duk ta yi, sai ya ga tsohon yana faɗuwa. Abinci ya gagare shi.

Can a ofishin 'yan sanda, inda tsohuwar ta kai ƙara, wani sajan mai furfura ya ce kada a kunna jiniya. Ya sa maraƙin da tsohuwar a bayan mota, suka bi lungunan bayan gari. Kowace mararraba sai a kashe inji a kasa kunne.

Su Oga dai sun ɗaure wa saniyar baki, amma gurnani bai tsaya ba. Oga ya miƙa wa Bahago wuƙa.

"Kai ne ɗan daji. Je ka gama da shegiyar, kafin ta tona mu."

Bahago ya shiga, ya dafa wuyanta. Sai ya jiyo shi daga nesa – siririn kukan maraƙi. Ya san abin da ke tafe. Ya ɗaga wuƙar, ya yanke igiyar bakin.

Saniya ta saki murya, kwanon rufi ya amsa!

Birki! Takalma! Oga ya waiwayo ya gane, ya ɗirka wa Bahago harsashi a cinya kafin 'yan sanda su harbe Ogan a bakin ƙofa. Cikin 'yan fashin biyu suka mutu, uku aka ɗaure.

Ana jan Bahago zuwa mota, maraƙin na tsotso, tsohuwar ta ƙirga shanunta ɗaya bayan ɗaya. Sun cika tara. Ta juyo gare shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ga su sun dawo, ɗana. To wa zai kora mini su?"