Murhun Araha

Rana ta yi ja a bayan itatuwan ƙaya da ake kira meskit, zafi ya fara sakin gari. Eusebio Villarreal yana tsaye a bayan gidansa yana kallon hayaƙi na tashi daga murhun bandar da ya sayo. Tsohon tankin gas ne aka kwantar bisa ƙafafu, aka yanka masa murfi, aka liƙa masa ɗakin wuta a gefe guda, bututun hayaƙi a ɗayan. Kamar yadda kowa ke yi wa murhun da ya sha hannu, ya cika cikinsa da itace ya banka masa wuta mai ƙarfi, don ta cinye tsohon maiƙo da baƙin da ya daskare kafin a ɗora sabon nama. Daɗi ya cika shi, har fito yake yi.

Ya sha wuya kafin ya same shi. Bikin cikar 'yarsa Noemi shekara goma sha biyar ya matso, dangi kuwa ba sa jiran gayyata, kuma naman ƙirjin bijimi suke son gani a faranti. Ya zaga kantuna har ƙafarsa ta gaji. Masu sauƙin kuɗi ƙarfensu kamar gwangwanin madara, hayaƙi na yoyo ta ko'ina. Masu kauri kuwa, in ka ji kuɗinsu sai ka nemi wurin zama. Sai ya ji labarin murhun marigayi Don Chuy, wanda ya tsufa yana banda a bakin hanya. Ɗan marigayin ko ciniki bai yi ba. Abin da Eusebio ya taya shi ya karɓa, har da kama masa ɗorawa a mota, jikinsa na rawa.

"Banza ba ta kai zomo kasuwa, suruki," in ji Lalo, ƙanin matarsa, yana jingine da shinge. "Ƙarfe mai wannan kauri a ba ka kamar kyauta?"

"Hassada ke cinka, kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa."

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo kan rufin gidan, ya gangaro ya tsaya a gabansa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya yar da sauri. Dutsen da zafi.

Daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Da zarar rana ta sunkuya sai jifa ta fara, ba a ganin mai yi. Ƙaurin hayaƙi ya shiga tufafi, ya shiga burodi, ya shiga ruwan sha. Murhun a mace yake, amma ana jin tari a cikin bututunsa, tarin tsoho mai nauyin ƙirji. Eusebio, wanda dama ba ya iya zama wuri ɗaya, ya dinga zagaye gidan da tocila yana zagin 'ya'yan maƙwabta, alhali zuciyarsa ta san ba su ba ne.

Sai Noemi ta daina cin abinci. Yarinyar da ke cika gida da waƙa ta koma shiru. Wani yammaci uwarta Ofelia ta same ta tsugune gaban murhun, tana lakatar toka da yatsa tana lasa. Likita ya duba bai ga komai ba. Rigar bikin da aka auna mata ta fara yi mata yawa, tsoro ya kama Eusebio irin wanda bai taɓa sani ba.

Ofelia ce ta ɗauko Doña Chencha, tsohuwar da ta san ganyaye da addu'o'in da ko limamin coci ya manta. Ta iso gab da faɗuwar rana, ta kunna kyandir, ta shafe jikin yarinyar da ɗanyen ƙwai tana karatu a hankali. Da ta fasa ƙwan a kofin ruwa, baƙi ne ya fito.

Noemi ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohon namiji ce, a dushe.

"Tsohuwa, kashe wutar nan. Na ga wuta ta ishe ni."

"Kai ne Chuy?"

"Chuy ya tafi inda ake tafiya. Bai san sunana ba, amma ya san ladabi. Ƙaramar wuta, hayaƙi siriri, ni in ci ƙamshi, mutanensa su ci nama. Da ya mutu na zauna ina lasar baƙin bango, shi ne abincina, shi ne shimfiɗata. Sai wannan ya zo da wutar hauka ya ƙone mini komai."

"Ban sani ba!" in ji Eusebio. "Kowa haka yake yi!"

"Ka ƙwanƙwasa? Ka tambaya ko da mai gida?" Aljanin ya yi dariya da bakin yarinyar. "Na sami ɗaki mai ɗumi. Zan zauna."

Doña Chencha ta matso da kyandir, ta ɗaga murya da sunayen Ubangiji har jikin Noemi ya shiga karkarwa.

"Ɗakin nan ba naka ba ne. Faɗi abin da za a biya ka, ka kama hanya."



"Guzuri," in ji aljanin. "Ƙirjin bijimi guda, gishiri da masoro, a banda shi a murhun nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Uban yarinyar zai yi da hannunsa. In ya ɗaga murfin ko da faɗin yatsa, yarinyar tawa ce."

Ofelia ta dafe ƙirji. Ta san mijinta, mutumin da ko tukunyar wake ba ya bari ta nuna bai leƙa ba.

Da asuba Eusebio ya ɗora naman ya rufe. Ya wuni yana sa itace ɗaya-ɗaya, yana auna zafi da tafin hannu a bayan ƙarfen, idonsa na kan launin hayaƙi. Ya zauna, ya tashi, ya kai shinge ya dawo. Da rana ta take, ƙaurin ƙuna ya bugi hancinsa, wata murya sak ta Lalo ta ce daga ciki, "Ya ƙone, gwani, leƙa ka gani." Ya cije leɓe ya juya baya.

Inuwa ta yi tsawo, tsuntsaye suka yi shiru. Sai aka ƙwanƙwasa ƙarfen daga ciki, a hankali.

"Papa."

Ya matso kusa da murhun.

"Papa, da zafi. Akwai duhu. Ka buɗe mini."

Ta taga yana hango Noemi kwance, uwarta na riƙe da hannunta. Amma muryar tata ce, har da yadda take jan sunansa tun tana ƙarama. Bai san lokacin da hannunsa ya kama mariƙin murfin ba.

"Rana ba ta faɗi ba," in ji Doña Chencha daga bakin ƙofa.

Ya saki. Ya durƙusa a ƙasa, ya cusa hannayensa a hammata ya matse, yana kuka kamar yaro, muryar na kiransa tana ƙara yin rauni, har jan sararin ya mutu. Sai wani dunƙulen hayaƙi ya fito daga bututun, ya keta iska ta inda take tahowa, ya nufi daji. Naman ya yi kyau a ido, amma ba ɗanɗano ba ƙamshi, ko kare bai kula shi ba.

A ɗaki Noemi ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ofelia ta fashe da kukan murna. Eusebio ya shigo da baƙin hannu ya durƙusa gefen gadon. Yarinyar ta sha, ta daɗe tana kallonsa.

"Papa, ina jin tafiyarka a waje," ta ce. "Ni ce fa nake kiranka. Me ya sa ba ka buɗe ba?"

Ya miƙa hannu zai shafa kanta, ta ɗan janye ta matsa jikin uwarta.